Kakana ciwo ne ya dawo da shi daga Burma, shin za a ce ya yi yaƙi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni dai wata magana ce ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Kakana na wajen uba tsohon soja ne, an ɗauke shi lokacin yaƙin Hitila yana saurayi ko aure bai yi ba, aka kai su Burma (Myanmar ta yau), amma shi ba harsashi ne ya same shi ba, ciwo ne ya kwantar da shi can har aka dawo da shi gida, tari ne da farko daga baya abin ya koma masa gadon baya ya yi ɗoro, ƙafafunsa suka yi sanyi, har ya koma ga Allah da sanda biyu yake tafiya, noma ma sai dai a kai shi gindin kuka ya zauna yana kallon 'ya'yansa. Ina ɗan shekara 9 ya rasu. Toh abin da ke min zafi, a garinmu akwai wani tsohon soja da aka yanke wa hannu, shi kowa mazan jiya yake ce masa, amma kakana har a cikin dangi akwai masu cewa ai shi jinya ya je yi ba yaƙi ba. Kwanaki gwaggona ta buɗe akwatinsa na ƙarfe muka tarar da ɗan littafin sallama duk ya yi ja, da wata lamba mai siffar tauraro a naɗe cikin tsumma, da ƙyalle mai hoton baƙin gizo-gizo. Don Allah Malam a fahimtar da ni, wannan bawan Allah ya yi yaƙi ko bai yi ba? Daga jikan tsohon soja, ƙasar Zazzau.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan kakanka, ya sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ya yi yaƙi. Ƙyallen nan da kuka gani a akwati ma ya isa shaida.

Baƙin gizo-gizo a kan ƙyalle ruwan ɗorawa tambarin runduna ta 81 ce ta sojojin Afirka ta Yamma, wadda Turawan Ingila suka harhaɗa a 1943 da mutanen Najeriya da Gwalkwas (Ghana ta yau) da Saliyo da Gambiya, kwamandanta na farko Manjo Janar Woolner. Gizon tatsuniya ne suka ɗauka, wanda mutanen Ghana ke kira Ananse, mai cin galaba da wayo ba da ƙarfi ba. 'Yar'uwarta runduna ta 82 ita kuma tambarinta mashi biyu ne a gicciye a kan gammo. Eh, gammon ɗaukar kaya dai da ka sani, don kuwa dubban mutanenmu aikinsu a can shi ne dakon harsasai da abinci da kayan asibiti a ka, a dajin da mota ba ta shiga. Hausa ce kuma harshen bariki a lokacin, har Turawan hafsoshi da yawa sai da suka koye ta.

Su 'yan 81 jirgin ruwa ya kwashe su ya zagaya ta ƙasan Afirka ta Kudu ya sauke su a Indiya a 1943, daga ƙarshen shekarar zuwa farkon 1944 suka shiga kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan na Burma. Hanyar ma da hannunsu suka sare ta, kusan mil 75 cikin duwatsu da dajin gora, da adda da diga, abinci kuwa daga jirgin sama ake jefo musu. Wata birged ɗinsu, ta 3, bataliyoyi uku na 'yan Najeriya, an cire ta aka haɗa da dakarun Chindit na Janar Wingate masu shiga bayan layin Japanawa, abokan gabar da ake yaƙa a can. Kai da kake ƙasar Zazzau ai ka san barikin Chindit a Zariya, toh daga nan sunan ya fito. Haka Dalet da Kalapanzin a Kaduna, haka Dodan da Myohaung da Arakan a Legas, duk sunayen wuraren da kakanninmu suka taka ne, muna wucewa ta ƙofarsu kullum a mota ba mu tambaya.

Yanzu maganar ciwon, wadda ita ce ta kawo ka. Janar Slim, wanda ya jagoranci Runduna ta 14 da ta yi yaƙin Burma, shi da kansa ya rubuta cewa a 1943 duk soja 1 da aka kwaso daga fagen daga saboda rauni, akwai 120 da aka kwaso saboda ciwo. Ka sake karanta wannan lissafin. Wato idan mutum ya je Burma a lokacin ya dawo a naƙashe, abin da ya fi yiwuwa nesa ba kusa ba shi ne cuta ce ta naƙasa shi. Zazzaɓin cizon sauro ne kan gaba, shi ya sa aka tilasta wa kowa haɗiyar wata 'yar ƙwaya mai suna mepacrine kullum, mai mayar da fata ruwan ɗorawa, sojoji suna ƙinta saboda raɗe-raɗin wai tana kashe mazakuta, har Slim ya riƙa tsige kwamandan da aka samu yaransa ba sa sha. Ga atuni, mutum ya wuni yana zawon jini kuma a ce ya ɗauki kaya ya hau dutse. Ga wani mugun zazzaɓi da ƙananan ƙwari masu kama da kaska ke sa wa mutum idan ya kwanta a ciyawa. Ga matsattsaku da ke shiga ta cikin takalmi, sai an cire da daddare a ga safa ta jiƙe da jini, wurin kuma ya zama gyambo saboda ƙafa ba ta bushewa. Damunar Arakan ba irin tamu ba ce da za a yi ruwa a ɗauke rana ta fito, can sai a yi kwana da kwanaki ana zubawa, mutum ya kwana a jiƙe ya tashi a jiƙe, ga yunwa idan hadari ya hana jirgi kawo abinci.

Abin da ka siffanta, tari da farko sannan ɗoro sannan sanyin ƙafafu, ya yi kama sosai da tarin fuka da ya shiga ƙashin baya. Ƙwayar cutar takan bar huhu ta bi jini ta zauna a ƙasusuwan gadon baya ta riƙa cinsu a hankali har su rufta, bayan ya tanƙware, idan kuma ta danne laka sai ƙafafu su mutu ko su yi rauni. Cuta ce mai son jikin da yunwa da gajiya suka rarake, da wurin cunkoso irin cikin jirgin ruwa da tantin soja. Maganinta na farko mai aiki, streptomycin, sai bayan yaƙin ya fara isa hannun marasa lafiya, saboda haka farabitin da ya kamu a 1944 ko 1945 ba abin da za a yi masa sai kwanciya da abinci da sallama. Wanda aka yanke wa hannu, Allah ya saka masa, mutane suna ganin abin da ya bari a can. Kakanka shi ma ya bar gadon bayansa a can, shekara da shekaru yana biyan bashin, sai dai nasa raunin riga ce ke rufe shi. Wallahi duk lokacin da na ji ana cewa tsoho irin wannan jinya ya je yi, raina ɓaci yake.

Tauraron da kuka gani, duba zaren da ke jikinsa in bai ruɓe ba. Idan tsakiyarsa ja ne, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo, toh Tauraron Burma ne, mai tsini 6, wanda aka ba waɗanda suka yi aiki a wannan fagen tsakanin Disamba 1941 da Satumba 1945. Ba a ba wanda ya tsaya a barikin Kaduna.

Kuma ka sani rashin kulawar da ya gani ba shi kaɗai ba ne. Sojojin Afirka an sallame su da kuɗin da bai kai na Turawan da suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da su ba, da yawa sun dawo da alkawarin aiki da fansho da bai cika ba. A Accra ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano za su kai wa gwamna kukansu, 'yan sanda suka harbe uku, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey, abin da ya tayar da tarzomar da ta ƙara wa neman 'yancin Ghana wuta. Masu ƙafa kenan da suka iya fita titi. Irin kakanka da aka sauke a ƙauye da sanduna, wa ma ya ji muryarsu?

Littafin sallamar nan ku riƙe shi da kyau, kar a manna masa salatif, kar a kai shi a like da roba mai zafi, a ɗauki hoton kowane shafi da waya a sa shi a ambulan a ajiye inda ba laima. Ka duba lambarsa ta soja, ta 'yan Najeriya takan fara da NA, kusa da ita za ka ga bataliyarsa da ranar ɗauka da ranar sallama da dalilinta, da wannan za ka iya zuwa ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion na jiharku. Idan kuma gwaggo tana tuna sunan wani abokinsa da bai dawo ba, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel tana da sunaye a intanet, akwai mutanenmu da yawa a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangoon (Yangon ta yau) a Burma. Ita gwaggon ma ka same ta cikin satin nan, ka kunna rikoda a wayarka, ka tambaye ta me yake cewa idan ciwon ya tashi da daddare, da wace waƙar fareti yake yi idan yana cikin nishaɗi.