Amsa ga mai tambaya kan mujallar ilimi da ta labarai

Wa alaikumus salam ƙanena mai tambaya daga Daura. Ka ce mai duba aikinka ya dawo maka da babi na biyu na kundin bincikenka, wai manazartarka duk shafukan intanet ne, kana so ka san yadda ake gane mujallar da ake karɓa.

Ruɗanin daga harshenmu ya samo asali: Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero mujalla ce, Fim ta labaran finafinai ma mujalla ce, amma ba tafiyarsu ɗaya ba. Abin da ya raba su shi ne tantancewa. A mujallar ilimi, edita kan tura maƙala ga masana fannin, galibi biyu, sau da yawa a ɓoye musu sunan marubuci, su tsefe ta, su ce a gyara ko a yi watsi da ita. Shi ya sa takan ɗauki watanni kafin ta fito. A ta labarai kuwa, edita ya gani ya yarda, shi ke nan.

In maƙala ta zo hannunka, duba shafin farko: sunan marubuci da jami'arsa, tsakure (taƙaitaccen bayanin maƙalar), lambar kundin mujallar da fitowa, da shekara. Juya ƙarshe ka ga ko akwai manazarta. A tsakiya a nuna yadda aka tattara bayanai. In hotuna masu launi da tallace-tallace suka fi yawa, ka san inda kake.

Kada lambar ISSN ta ruɗe ka. Alƙaluma takwas ne na rajista kawai, mujallun labarai ma suna da ita. Haka Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen ilimi a intanet, yana kwaso tsaba da tsakuwa. Mujallun 'yan damfara su ne babban tarko: za ka ga an yi alkawarin bugawa cikin mako guda in an biya, kuma fitowa ɗaya ta haɗa kiwon kaji, lissafi da adabi. Nemi sunan mujallar a AJOL ko DOAJ, shafukan da ke jera mujallun ilimi, in kuma maƙalar tana da DOI, wato lambar shaidarta a intanet wadda ke farawa da 10, liƙa ta a doi.org ka ga ko za ta buɗe maƙalar.

Wasu mujallun sassan jami'o'inmu a takarda kaɗai suke, kuma nagari ne, don haka ka leƙa ɗakin karatun Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua in ka shiga Katsina.

Shafin intanet ba haramun ba ne. Alƙaluman ƙidayar 2006 daga hukumar ƙidaya za ka ɗauko su. Wikipedia kuwa, gangara ƙasa ka bi manazartarta, ita kanta kada ka sa ta a kundi.