Tambaya da Amsa: Ledar mujalla, tulin takardu da kayan naɗe saƙo

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka haɗu, wato abin da ke saura a hannun mutum bayan ya buɗe saƙo ko ya gama amfani da kaya. Na zaɓi huɗu, na taƙaita tambayoyin.

Tambaya daga wata ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Birmingham, Ingila: "Ina biyan kuɗin mujallu biyu, ɗaya ta aikinmu, ɗaya ta yara, kuma kowacce a cikin leda take zuwa. Ga takardun talla daga shagunan da sau ɗaya tak na taɓa sayayya a wurinsu. An ce kada in sa ledar a kwandon kayan da ake sake sarrafawa. To ina zan kai ta? Ko in haƙura da mujallun in koma karatu a waya?"

'Yar uwa, wanda ya gaya miki haka gaskiya ya faɗa. Yawancin ƙananan hukumomin Ingila ba sa karɓar leda mai laushi a kwandon ƙofar gida, domin a wurin tantance shara takan nannaɗe a jikin injin, har sai an tsayar da aiki ma'aikata sun shiga sun yanke ta da hannu. Ledar mujalla galibi irin wadda ake kira LDPE ce, mai lamba 4 a cikin ɗan alamar nan mai kusurwa uku. Ki ja ta da yatsu: idan ta miƙe kafin ta yage, ita ce. Manyan kantuna irin su Tesco, Co-op da Sainsbury's suna da wurin zuba irinta a rassansu da yawa tun wajen 2021. Ki tara a leda guda, ki cire takardar adireshin da aka manna, ranar cefane ki tafi da ita.

Amma kada ki ɗauka kai ta can ya raba gardama. Leda mai laushi na cikin robobin da suka fi wuyar sarrafawa, kuma a duniya baki ɗaya kashi 9 cikin ɗari ne kawai na sharar roba ake sake sarrafawa. Shi ya sa na fi son ki fara da takardun tallan, tunda su ne suka fi yawa kuma ba ki nema ba. Ki yi rajista da Mailing Preference Service, kyauta ne, zai cire sunanki daga jerin da kamfanoni ke amfani da shi wajen aika talla ga wanda bai taɓa hulɗa da su ba. Yakan ɗauki watanni kafin ki ga bambanci sosai. Tallan da ba suna a jiki, wanda ma'aikacin gidan waya ke zurawa ta ƙofa, Royal Mail na da fom na daban na dakatar da shi, kuma bayan shekara biyu sai an sabunta. Su kuwa shagunan da kika taɓa sayayya a wurinsu, waccan rajistar ba za ta hana su ba. Sai kin rubuta wa kowanne kin ce a daina.

Game da mujallun, ni dai ba zan ce ki bar duka biyun ba. Ta aikin, wadda kike buɗewa don ki duba maƙala ɗaya ko biyu, ki mayar da ita ta intanet. Ta yaran ki bar musu ita a takarda. Yaron da ke jiran ranar da mujallarsa za ta faɗo ta ƙofa, ya kwanta a ƙasa yana juya shafuka, yana samun abin da waya ba za ta ba shi ba, kuma in ya gama akwai 'ya'yan maƙwabta da za su gada. Abin da ya rage shi ne ki rubuta wa mawallafan ki nemi a riƙa aiko ta a ambulan na takarda. Ba sabon abu kike nema ba. National Geographic ta koma naɗin takarda ga masu karɓarta a Amurka, Birtaniya da Indiya a 2018. Jaridar Guardian ta sauya ledar mujallunta na ƙarshen mako da wata da aka yi da sitacin dankali a farkon 2019. Faransa ma doka ta yi, tun 1 ga Janairu 2022 an hana aika jaridu, mujallu da takardun talla a cikin leda. Idan taki ta zo a irin ta sitacin nan, za ki ji ta da santsi kamar siliki, an kuma rubuta cewa tana ruɓewa. Wannan kada ki haɗa ta da ledojin da za ki kai kanti, tana ɓata musu aiki. Wurinta ramin takin lambu.

Tambaya daga wani dattijo da ya yi ritaya a Kaduna: "Ina da 'yan hannun jari a kamfanoni, duk shekara sai an aiko mini da rahoto mai kauri wanda ba na karantawa. Ga tsofaffin jaridu da mujallun addini sun cika ɗaki guda, gara ta fara shiga. Iyali na cewa a ba mai ƙosai. Me kika gani?"

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Na rahoton shekara mai sauƙi ne. Kowane kamfani yana da ofishin da ke riƙe da rajistar masu hannun jarinsa, sunansa da adireshinsa suna cikin rahoton. A sa ɗaya daga cikin yara ya rubuta musu a ce a riƙa turowa ta imel. A wannan zaman ma sai a cike fom ɗin biyan riba kai tsaye ta asusun banki, idan ba a riga an yi ba.

Ɗakin takardun ne ke son a zauna. Kada a kira mai saye kafin a ware, domin abu huɗu ne a cakuɗe a ciki, kuma kowanne da inda ya dace da shi.

Akwai masu tarihi. Idan a cikin tulin nan akwai tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ko New Nigerian ta shekarun baya, don Allah kada a ɗora su a sikeli. Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa duk suna nan cikin Kaduna, a je a nuna musu. Ko ba su buƙata, ɗakin karatun wata makaranta zai yi murna. Jaridar da ta kwana shekara hamsin a ɗaki tana da daraja a wurin ɗalibin tarihi, kuma in ta tafi ba ta dawowa.

Akwai masu ɗauke da sunanka, lambar asusu ko sa hannu. Waɗannan a yayyaga su ƙanana, ko a jiƙa su a bokiti har su dagargaje.

Sai masu ayoyin Alƙur'ani, hadisai da sunayen Allah, waɗanda na san su ne suka fi damun ka. Malamai sun yi bayanin cewa irin waɗannan idan sun tsufa ana binne su a wuri mai tsarki da ba a takawa, ko a ƙone su da niyyar kare su daga wulaƙanci, suna kafa hujja da umarnin da Sayyidina Usman ya bayar na ƙone sauran rubuce-rubucen bayan an tattara Mus'hafi ɗaya. Abin da zan ƙara na ɓangarena shi ne a fara cire bango idan mai sheƙi ne. Ka yagi gefensa ka gani: in wata siririyar fata ta ƙi yagewa tana miƙewa, leda aka lulluɓa. Ita ba ta ruɓewa a ƙasa, hayaƙinta kuma ba shi da kyau. Mujallar da ba ta lalace ba kuwa, a miƙa ta ga makarantar Islamiyya ko masallaci ya fi.

Ragowar su ne na sayarwa. 'Yan jari bola suna saye a kan kilo, kuma daga hannunsu takarda kan kai ga masu yin kiret ɗin ƙwai da kwali. A ɗaure ta dami-dami, a ajiye inda ruwa ba ya taɓawa, don jiƙaƙƙiyar takarda ba ta da kasuwa. Maganar mai ƙosai kuwa, a yi haƙuri a bar ta. Mai da zafi suna jawo tawada su shigar da ita cikin abinci. Ka duba ƙosan da ya kwana minti biyar a jarida, wani lokaci har rubutun za ka gani a jikinsa. Hukumar kula da abinci ta Indiya ta yi gargaɗi a kan naɗe abinci a jarida tun 2016 saboda wannan dalilin.

Tambaya daga wata mai sayar da atamfa, turaren wuta da humra ta Instagram a Kano: "Ina aika kaya Abuja, Legas, har Maraɗi. Ina so in buga ledar kasuwancina mai suna a jiki. An kawo mini samfur uku: mai sheƙi kamar azurfa, kwali, da wata da aka ce tana narkewa da kanta. Wacce zan saya?"

Hajiya, kafin ki duba kyau ko farashi, ki tambayi kanki abu ɗaya: idan wannan abin ya isa gidan mai saye aka buɗe, wa zai ƙara amfani da shi, ko wa zai saye shi? Alamar da aka buga a jikin leda ba ta nufin akwai mai karɓarta. Lambobin nan 1 zuwa 7 masana'antun roba na Amurka ne suka fito da su a 1988 don a gane irin robar, ba alkawari ba ne cewa za a sarrafa ta.

Mai azurfar ki ajiye ta gefe. Leda ce aka manne da siririn ƙarfe, irin ta biskit da madarar gari, kuma raba su ba ya biyan wahala, shi ya sa ko 'yan jari bola ba sa waiwayarta. Mai narkewar kuma ki tambayi mai kawo miki da me aka yi ta. Da yawa leda ce ta yau da kullum da aka zuba wa sinadari don rana ta farfasa ta. Ba ta ɓacewa, ƙanana take komawa ta shige ƙasa da ruwa, kuma Tarayyar Turai ta haramta irinta tun 2021. Kuɗi ne za ki ƙara a kan abin da bai amfani kowa ba.

Kwali ya fi su, musamman ga kwalaben humra. Ba ma sai sabo ba. Kwalayen da 'yan kasuwar Singa da Kantin Kwari ke sauke kaya daga ciki suna da ƙarfi da araha, ki buga takarda mai sunanki ki manna a kai. Tsakanin kwalaben ki cusa yagaggiyar takarda maimakon farin soson nan mai rugurgujewa, wanda Jihar Legas ta hana a Janairun 2024. Kada ki naɗe kwalin da salatif kamar ana ɗaure karaya, layi biyu sun isa, kuma mai saye zai iya buɗewa ba tare da ya lalata shi ba.

Na san kayan da aka ɗora a saman mota daga tasha da damina dole su so leda, ba zan ce ki bar atamfar mutane ta jiƙe ba. Ki yi amfani da guda ɗaya mai kauri, fara, wadda uwargida za ta ajiye ta sa kayan ɗinki, maimakon sirara uku da za su tafi bola a ranar. Ki kuma tuna Nijar tana da doka tun 2014 da ta hana shigo da siraran ledoji da sayar da su, don haka kayan Maraɗi su fi tafiya a kwali. Idan kuma kina son abin da zai ɗauki sunanki ya daɗe, ƙyallayen atamfa da ke zube a shagon tela suna yin jaka mai kyau. Sai dai a yi wadda za a riƙa amfani da ita da gaske. Binciken hukumar muhalli ta Ingila na 2011 ya nuna sabuwar jakar auduga sai an yi amfani da ita sau 131 kafin ta fi leda sauƙin illa ga yanayi, shi ya sa na ce ƙyalle, wanda dama yasar da shi za a yi. Masu sayen humra na cikin gari kuma ki rage musu wani abu idan sun dawo da kwalba.

Tambaya daga wani magidanci a Gombe: "Mu goma ne a gida, muna shan manyan ledojin fiya wata biyu a rana. Ledojin muna ƙonawa da yamma, wani lokaci a hura gawayi da su. Shin in sayi injin ruwa mai babbar gora?"

Malam, ka saya in da hali, ko da ƙaramin famfon da ake ɗorawa a bakin gorar ne ba injin ba. Babbar gorar tana ɗaukar kusan lita 19, ƙullin fiya wata rabin lita ne, ka ga gora ɗaya ta tsaya a madadin ƙulli 38, kusan abin da kuke sha a yini, kuma ita mayarwa ake yi a sake cikawa. Ka duba lambar NAFDAC da hatimin murfin, a kuma riƙa wanke famfon.

Ƙonawar ce nake roƙon a daina daga yau, musamman hura gawayi. Wanda ke durƙushe yana fifita wutar, galibi mace ko yarinya, shi ke shaƙar hayaƙin kai tsaye, kuma idan akwai robar PVC, irin ta bututun ruwa, a cikin tarin, gubar da ke fita ta fi muni. Watsarwa a waje ma ba mafita ba ce: ita ke toshe kwalbati da damina, ita mahauta ke cirowa dunƙule-dunƙule daga tumbin awaki da shanu. Ledar fiya wata tana da masu saye, ana narka ta a yi wasu kayan roba. A rataye buhu a tsakar gida, duk wanda ya sha ya tsiyaye sauran ruwan ya jefa. Kada a haɗa ta da baƙar leda ko ta biskit, kada mai ko miya su taɓa ta. Gorunan lemo a yi musu nasu buhun daban. Ka tambayi ɗan jari bolan unguwarku nawa yake sayen kilo da ranar da yake zagayowa, kuɗin kuma a bar wa yaran da ke tarawa.