Zuba 'ya'yan bargi a Logone zai dawo da shi?

Malam, ka tambaya ko a sayo 'ya'yan kifin bargi a zuba a kogin Logone wajen Yagoua a Kamaru, tunda ya yi ƙaranci a hannun masunta. A gwada, amma zubawar kaɗai ba za ta dawo da shi ba. Kuma iyayen su fito daga ruwan nan namu, kada a kwaso na wani kogi, a shigo da cuta ko a gurɓata iri.

Bargi sai ruwa ya malala cikin fadama yake yin sheƙa. Ciyawa yake tattarawa ya kewaye kamar faifai, ya zauna gadin 'ya'yansa. Bayan gina madatsar Maga a 1979 ambaliyar fadamar Waza-Logone ta ragu, kifi ya ragu da ita. Da aka buɗe rafin Petit Goroma a 1994 ruwa ya sake shiga, kifi ya ƙaru ba tare da an zuba ko ɗaya ba. Ni dai abin da ya fi damuna shi ne masu jan gidan sauro a bakin ruwa in ambaliya ta fara janyewa, kwandonsu cike da 'ya'yan kifin da ba su kai yatsa ba. Ku fara zama da sarkin ruwa a hana wannan tukuna, kafin ku kashe ko sisi.