Ga uwar da aka ce za a sauya wa ɗanta makaranta a Bronx

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Tun daren jiya na ga tambayarki, amma na kasa amsawa a take, don ta fama min tsohon miki. Kin ce ɗanki ɗan shekara tara yana aji huɗu a makarantar gwamnati a nan Bronx da ke birnin New York, kusan kullum sai an kira ki a waya: ya jefa kujera, ya ciji wani, ya fice daga aji a guje. Yanzu sun ce a mayar da shi makarantar jeka-ka-dawo ta musamman, ta yaran da ke fama da matsalar ɗabi'a da kasa danne zuciya, maigidanki kuma ya ce gara a tura shi gida wurin kakarsa. Kina so ki san ko makarantar masu taɓin hankali ce, ko kuma shigarsa za ta ɓata masa suna har ƙarshen rayuwa.

Nawa ɗan ya yi shekara uku a irin wannan makaranta, daga aji uku zuwa aji biyar. Yau yana sakandare ta kowa da kowa, yana hawa jirgin ƙasa shi kaɗai safe da yamma. Saboda haka abin da zan faɗa miki ba labarin wani ba ne.

Ranar da aka fara yi min maganar, a mota na zauna na yi kuka har na gode Allah. Abin da ya zo min a rai shi ne gida mai ƙarafa a taga da yara ɗaure. Da na je, sai na tarar da makarantar a hawa na uku na ginin wata firamare ta yau da kullum, ƙofa ɗaya suke shiga da sauran yara. Da yawa daga makarantun Gunduma ta 75, wato sashen da ke gudanar da irin waɗannan makarantu na musamman a duk birnin New York, haka suke, cikin ginin wasu makarantu. Ajin da aka nuna min yara takwas ne, malama ɗaya da mataimakiya ɗaya. Shi ne abin da za ki gani an rubuta 8:1:1 a takarda. Akwai 12:1:1, akwai 6:1:1, gwargwadon irin kulawar da yaro ke buƙata. Ki kwatanta da ajin da ya fito, inda malama guda ke fama da yara sama da ashirin.

Amma ba ƙarancin yaran ne ya kwantar min da hankali ba. Ina tsaye a bakin ƙofa wani yaro ya kife littafinsa, ya kwanta a ƙasa yana ihu yana dukan ƙafar tebur. Na jira in ga an yi masa ca. Ba wanda ya ɗaga murya. Mataimakiyar ta janye kujerun da ke kusa da shi, ta durƙusa nesa kaɗan, ba ta taɓa shi ba, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Malamar kuma ta ci gaba da lissafi da sauran bakwai kamar ba a yi komai ba. Bayan wasu mintoci ya tashi ya sha ruwa, ya je wani lungu mai tabarma da matashi ya zauna, sannan ya dawo kujerarsa. Ba a kira uwarsa ba. Ni da a lokacin na rasa aiki ɗaya saboda yawan fita ɗauko yaro da tsakar rana, na san darajar wannan rashin kiran.

Ga abin da nake so ki riƙe fiye da komai. Fushin yaro irin wannan yana da dalili, kuma makarantar kirki ita ce wadda take neman dalilin, ba wadda ta iya danne yaro ba. Mu a gida da an ga haka sai a ce sangarta ce, ko taurin kai, ko kuma iska ta shafe shi. Ni ma an ce min duk ukun. Na yi masa tofi, an aiko min da rubutu daga gida ya sha, kuma har yau ban daina yi masa addu'a ba. Sai dai akwai wani bincike da ake kira FBA, inda masanin halayyar yara ke zama a aji kwanaki yana rubuta abu uku: me ya faru gab da yaro ya fusata, me ya yi, me ya samu bayan ya yi. Da aka yi wa ɗana, aka gano kusan duk rigimarsa tana tashi ne idan an kusa zuwa kansa a karatu a bayyane. Ashe bai iya karatu ba. Shekara biyu yana ɓoyewa, yana haddace abin da wasu suka karanta. Ya gwammace a kore shi daga aji a matsayin mai fitina da a yi masa dariya a matsayin daƙiƙi. Ni uwarsa, da nake zama da shi kowane dare a kan aikin gida, ban gane ba. Da aka sa masa malamar karatu shi kaɗai, aka daina kiransa ya karanta a gaban mutane sai ya shirya, aka ba shi wani kati da zai ɗaga idan ya ji zuciyarsa ta fara tafasa don ya fita ya huce, jifan kujera ya ragu sannu a hankali har ya tsaya. Bai tsaya a wata ɗaya ba, ya kusa cin shekara.

Ba na cewa naki ma karatu ne. Wani hayaniya ce ba ya jurewa, wani ADHD ne, wato lalurar kasa tattara hankali da kasa zama wuri ɗaya, wani tsoro ne da ya samo asali daga abin da ya gani ko aka yi masa, wani rashin barci. Don haka tambayar farko da za ki yi wa makarantarsa ta yanzu ita ce: an yi masa wannan bincike? An rubuta masa tsarin gyaran ɗabi'a an gwada? An gwada ba shi mataimaki a ajin da yake? Idan amsar a'a ce, to sun yi gaggawa. Kuma ba laifi ki sa ido, don sanannen abu ne a Amurka cewa yara maza baƙar fata sun fi saurin samun laƙabin masu matsalar ɗabi'a fiye da sauran yara.

Doka tana bayanki, ko da kuwa Turancinki bai yi ƙarfi ba. Tun 1975 Amurka ta yi dokar da ta wajabta wa makarantun gwamnati koyar da yara masu buƙata ta musamman kyauta, wadda aka sauya wa suna zuwa IDEA a 1990. A cikinta an ce a bar yaro tare da sauran yara iyakar yadda zai yiwu, kada a ware shi sai an ga taimako a ajin yau da kullum bai wadatar ba. Ba za a gwada shi ba sai kin sa hannu. Idan bai taɓa samun takardar IEP ba, wato tsarin karatun da ake rubuta wa yaro shi kaɗai, ba za a fara masa komai ba sai da yardarki a rubuce. Idan kuma yana da ita kika ƙi amincewa da sauyin, kina iya neman sulhu ko sauraron ƙara, kuma bisa ƙa'ida yana nan inda yake har a yanke hukunci. Idan ba ki gamsu da gwajinsu ba, kina da damar neman wani masani na waje ya sake gwadawa da kuɗin hukuma. Haka nan ba su da ikon cewa sai ya sha magani kafin ya zo makaranta. Maganar magani tsakaninki ne da likita.

Ki nemi tafinta a rubuce tun kafin ranar taron da za ku yi da makaranta a kan sauyin. A tarona na farko na ce ina jin Turanci, saboda kunya, na zauna mutum shida suna jefa kalmomin da ban taɓa ji ba, na sa hannu na fito ban san me na yarda da shi ba. Kada ki yi haka. Kina iya cewa za ki tafi da takardar gida ki duba. Kina iya zuwa da wanda kika amince da shi. Akwai ƙungiyoyi biyu a birnin nan da ke taimaka wa iyaye kyauta a kan wannan, Advocates for Children of New York da INCLUDEnyc, ki neme su kafin taron, ba bayansa ba.

Zan kuma faɗa miki ɓangaren da ba daɗi, don in na ɓoye na ci amanarki. Ɗana ya kwaso zagin da bai taɓa ji a gidana ba, domin yara takwas masu zafin zuciya a ɗaki ɗaya suna koyo da juna. Bas ɗin makaranta kan ɗauke shi tun gari bai gama wayewa ba, wani lokaci ya yi fiye da awa a hanya, ya isa a gajiye. A shekara ta biyu an canza masa malama sau biyu, kuma yaro irin wannan ba abin da ke rikita shi kamar sabuwar fuska. Mafi zafi, wata rana ina yi masa wanka na ga shatin yatsu a damtsensa. Sai da na matsa aka gaya min an riƙe shi ranar saboda ya kai wa wani duka. Mai yiwuwa riƙon ya zama dole, amma ɓoye min bai zama dole ba. Na kai ƙara a rubuce, kuma ba a sake ba. Yanzu abin ya fi tsauri: a jihar New York dole a sanar da iyayen yaro mai buƙata ta musamman a ranar da aka riƙe shi, kuma tun 2023 an haramta kulle yaro shi kaɗai a ɗaki da danne shi rubda ciki. Duk da haka, idan kin je dubawa, ki tambaye su kai tsaye sau nawa suke riƙe yara, wa aka horar a kan hakan, kuma ki ce a nuna miki ɗakin da yaro ke zuwa ya huce. Ki kalli fuskar wanda ke ba ki amsa.

Batun ɓata suna kuwa, wannan takarda ba ta 'yan sanda ba ce. Akwai dokar sirrin bayanan ɗalibai tun 1974, kuma makaranta ba ta miƙa IEP ga mai ɗaukar aiki haka kawai. Abin da ya fi cancanta ki damu da shi shi ne karatun kansa. Ki tabbata an rubuta cewa zai yi jarrabawar jiha irin ta sauran yara, wadda ake yi daga aji uku zuwa takwas a Turanci da lissafi. Akwai wata jarrabawa ta daban da aka tanada don yara masu babbar tawayar fahimta, kuma wannan hanya ba ta kai yaro ga shaidar kammala sakandare ta yau da kullum. Yaron da matsalarsa zuciya ce, ba kwanya ba, ba wurinsa ba ne nan. Wasu makarantun suna shagala da kwantar da yara har karatu ya zama saura. A 2017 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar wani yaro daga jihar Colorado cewa ɗan ci gaba na je-ka-na-yi-ka bai isa ba, dole tsarin ya kasance wanda zai ciyar da yaro gaba daidai da halinsa. Ki nemi ganin littattafan yaran, ba bango mai ado kawai ba. Sannan ki tambaya yara nawa suka koma makarantar kowa da kowa a bara, kuma ta wace hanya. Ana sake duba IEP duk shekara, ana sake gwaji duk shekara uku, kuma kina iya neman taro kafin lokacin. Nawa da darasi ɗaya ya fara, yana sauka ƙasa ajin sauran yara a ginin, daga nan rabin yini, sannan ya koma gaba ɗaya.

Game da shawarar maigidanki, kada ki ɗauke ta a matsayin rashin tausayi. Nawa ma haka ya ce, kuma tsoro ne ya sa shi, tsoron kada wata rana a kira wa yaronsa 'yan sanda. Na san yaran da aka kai gida suka natsu cikin dangi, da fili, da kaka mai haƙuri. Amma da na tura nawa, da rashin iya karatun ya bi shi har can, kuma a ajin da ke cike maƙil abin da zai tarar shi ne bulala. Wasu iyayen ma ba wurin kaka abin ke ƙarewa ba, idan ta gaji sai a ce a kai shi gidan mari. Duk mun ga hotunan da suka fito daga Rigasa a Kaduna a watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fitar da ɗaruruwan mutane, har da yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Ki roƙi maigida, cikin lalama, ya ɗauki hutun rabin yini ku je ku ga makarantar tare, a lokacin da yara ke aji, ba bayan an tashi ba. Mijina bai sauko ba sai da ya ga wani malami baƙar fata, ƙato, zaune a ƙasa yana ɗaure wa yaron da ya gama zaginsa igiyar takalmi.

Kafin taron, ki samu ƙaramin littafi ki fara rubuta duk kiran da aka yi miki: rana, lokaci, darasin da ake yi, da abin da ya ci ko yadda ya yi barci a daren. Idan sun ce ki zo ki ɗauke shi, ki tambaya ko dakatarwa ce, in ita ce su ba ki a rubuce, domin yaro mai IEP idan kwanakin dakatarwarsa suka wuce goma a jere, dole a zauna a duba ko abin da ya yi yana da nasaba da lalurarsa. Ki turo min saƙo ta akwatina da ranar taron. Ba na aiki ran Talata da Alhamis, in ya faɗo cikinsu zan raka ki, in sha Allahu. Allah Ya shirya mana su, Ya sanyaya masa zuciya.