Oga ya kashe mana gwiwa a komisariya, ina za mu kai kuka?

Wani ɗan sanda ne daga nan yankin Arewa na Kamaru ya turo min saƙo, ya ce kar in ambaci sunansa ko komisariyarsu, wato ofishinsu na 'yan sanda. Ya ce: "Metir (lauya), shekara biyu kenan ogan mu sai 'yan gaban goshinsa ke samun hutu, mu ko gadin dare uku a jere, ranar da na yi magana a taro sai ga takardar neman bayani, bayan wata ɗaya aka cilla ni bakin iyaka. Yanzu mu goma muna so mu sa hannu a takarda ɗaya mu watsa a Facebook."

Toh ɗan'uwa, maganar Facebook ɗin nan ka ajiye ta tukuna dan Allah, ka ce ma abokanka su ajiye. Kai ba ma'aikacin kamfani ba ne, dokar ƙwadago ta 1992 tun a sashe na farko ta cire 'yan sanda daga cikinta, kenan ko ka je wajen sufetan ƙwadago shayi kawai zai ba ka ya sallame ka. Ku dokar da ke kanku ta musamman ce, dikirin (umarnin shugaban ƙasa) 19 ga Nuwamba 2012, kuma ta hana ku yajin aiki da ƙungiyar ƙwadago, ga wajibcin kame baki. Takardar mutum goma a intanet wlh kun miƙa masa sandar da zai doke ku da ita ne, ga kuma sashe na 305 na dokar laifuka kan ɓata suna yana jiran wanda ya faɗi abin da ba zai iya tabbatarwa ba.

Abin da ke ci maka rai kashi biyu ne. Ɗaure fuska, wulaƙanci, son kai wajen rabon gadi, waɗannan da wuya alƙali ya kama su, na cikin gida ne, rahoto za ka rubuta kai kaɗai da sunanka ta hannun na gaba da kai, ko zuwa sashen nan mai sa ido kan 'yan sanda da ake ce ma 'yan sandan 'yan sanda. Kar ka rubuta "yana zaluntarmu", rubuta ranar kaza an sa ni gadi, washegari ma, ga hoton jadawalin da aka liƙa a bango. In akwai batun karɓar kuɗi kafin a ba mutum hutu, wannan cin hanci ne, hukumar yaƙi da cin hanci CONAC na da lambar waya 1517.

Sauyin wurin aikin shi ne mai takarda, shi kotu ke iya dubawa. Amma ba kai tsaye ake zuwa ba. Dokar 2006/022 ta ce sai ka fara rubuta ma hukumar da ta yanke shawarar kana roƙon ta janye, cikin wata 3 daga ranar da aka ba ka takardar. In suka yi shiru wata 3, shirun nan ƙi ne a idon doka, daga nan kana da kwana 60 ka shigar da ƙara a kotun harkokin mulki, muna da ita a Garwa, akwai a Marwa da Ngaundere. Nan ne mutane ke faɗuwa, mutum ya zauna yana jiran wani babba ya sa baki har kwanakin su ƙare, ya zo min da gaskiyarsa a hannu ba abin da zan iya yi masa. Kuma in ka kai takardar ka tabbata an buga maka hatimi da kwanan wata a kwafinka, kar ka yarda da "ajiye nan za mu gani".

Ba zan ɓoye maka ba, shari'ar na da wuya, don hukuma za ta ce buƙatar aiki ce ta sa aka tura ka. Sai mun nuna horo ne aka yi maka a fakaice ba tare da an bi ta majalisar ladabtarwa ba, kuma kusancin kwanakin nan, taro, takardar neman bayani, sauyi, shi ne ƙarfinmu.

Kafin nan ka je ka kama aiki a sabon wurin, ƙara ba ta dakatar da umarni, in ka ƙi zuwa za a rubuta ka gudu daga aiki. Ka turo min kwafin takardar neman bayanin da amsar da ka bayar, da ranar da ka sa hannu ka karɓi ta sauyin, daga ita zan fara ƙirga wata ukun.