Amsar Goggo: Kafin Ki Ɗauki Cikin Yayarki

'Yata, saƙonki ya iso, na karanta shi a tsanake. Kin ce tun da aka cire wa yayarki mahaifa saboda zubar jini, likitoci suka shaida mata ƙwayayen haihuwarta suna nan lafiya, shi ne ta roƙe ki a haɗa ƙwanta da maniyyin mijinta a dasa miki, ki raini cikin, ki haifa, ki ba ta. Kina tambaya ko wannan ba ɗaya yake da riƙo ko shayarwa da iyayenmu suka saba ba, kuma me ya kamata ki shirya. Allah ya yi miki albarka da kika tambaya tun kafin ki amsa mata.

Ba ɗaya ba ne. A riƙo, kowa ya san wadda ta haifi yaro, ya san wadda ta rene shi. A shayarwa ma haka ne, kuma shari'a ta fayyace wa ya haramta ga wa. Wannan kuwa sabon abu ne da kakanninmu ba su taɓa gani ba. Sai a 1978 aka haifi jaririya ta farko da aka haɗa ƙwanta a ɗakin gwaji, a Ingila, kuma sai tsakiyar shekarun 1980 aka fara dasa ɗan tayin wata mace a mahaifar wata. Kafin nan wadda ta yi naƙuda ita ce uwa, babu mai ja. Yanzu ga mai ƙwai, ga mai mahaifa, kowacce tana da hujja. Al'ada ba ta tanadi amsar wannan ba, don haka kada kowa ya rufe miki baki da cewa ai an saba.

Nan ne nake so ki fi tsayawa, domin maganar nasaba ce. A Suratul Mujadala, aya ta 2, Allah ya ce iyayensu mata su ne waɗanda suka haife su. Majalisar malaman fiƙihu ta Makka da farko ta yi sassauci idan kishiya ce za ta ɗaukar wa kishiyarta, tunda mijin ɗaya ne. A 1985 ta janye sassaucin, saboda mai ɗaukar za ta iya samun nata cikin daga mijin a daidai lokacin, a rasa ɗan wa aka haifa. A 1986 majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman, ta hana dasa ɗan tayi a mahaifar wata mace, ta halatta dashen da aka yi tsakanin miji da matarsa a cikin mahaifarta ita kanta. To idan na kishiya bai tsira ba, ina ga ƙanwar mata, wadda ba aure tsakaninta da mai maniyyin? Akwai malaman Shi'a da suka halatta, shi ya sa ake yi a Iran, amma rinjayen malaman Sunna a kan hani yake. Ni dai ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Ki je wurin malamin da kika amince da iliminsa, ki faɗa masa komai dalla-dalla, kada kunya ta sa ki rage.

Amma tunda kin tambayi shiri, ga abin da duk mai niyyar wannan ya kamata ta sani. Likitocin da ke wannan aiki sun fi son macen da ta kai shekara 21, wadda ta taɓa haihuwa lafiya ba tangarɗa. Za a gwada jininki da na maigidanki don cutar hanta da ta ƙanjamau, a duba mahaifa. Sai magungunan shirya mahaifa, wani a sha, wani allura ce ta kullum a ɗuwawu, mai kauri kamar mai, wadda ke barin ƙulli mai zafi a wurin, kuma ana ci gaba da ita har ciki ya kai sati goma ko goma sha biyu. Dashen ba lallai ya kama a karon farko ba, ɓari ma yana iya zuwa. Ki nace a dasa ɗan tayi ɗaya, domin cikin tagwaye yana ƙara hatsarin hawan jini, da haihuwar bakwaini, da tiyata. Jikinki ne zai ɗauki duk wannan, kuma kina da 'ya'ya ƙanana masu jiran ki.

Kada 'yan'uwantaka ta hana a rubuta yarjejeniya, kuma lauyanki ya zama daban da nasu. Wa zai biya asibiti? Idan hoto ya nuna jaririn yana da naƙasa fa? Idan auren yayarki ya mutu kina da cikin wata shida, ko mijin ya rasu? A ƙarshen 2013 wata mata a Tailan ta haifa wa wasu ma'aurata 'yan Ostireliya tagwaye, suka tafi da macen, namijin da aka haifa da larurar galahanga, wato Down syndrome, ya zauna a hannunta. A 2015 Tailan ta hana baƙi hayar mahaifa. Dokoki kuma sun bambanta ƙwarai. Faransa da Jamus sun hana. A Ingila wadda ta haihu ita ce uwa a doka har sai kotu ta mayar da yaron ga ma'auratan, kuma yardarta ba ta ƙidayuwa sai bayan sati shida da haihuwa. A Afirka ta Kudu sai babbar kotu ta tabbatar da yarjejeniyar kafin a yi dashen. Ki san dokar inda za ki haihu tun yanzu.

Abin da yarjejeniya ba ta iya rubutawa shi ne bayan haihuwa. Wata tara kina jin motsinsa, kin san lokacin da yake shura ki da dare. Kwana biyu ko uku da haihuwa nono zai ciko ya yi tauri, rigarki ta jiƙe, jaririn kuma yana hannun wata. Za ki yi jego ba goyo. Wasu matan suna wuce wannan da natsuwa, wasu damuwa ce ke kama su har sai sun ga likita. Ke kuma ba baƙuwa ba ce da za ta yi nisa, a gabanki zai girma yana ce miki inna. Ki tambayi kanki da gaske ko za ki iya gani ana tsawata masa ki yi shiru. Ki kuma zauna da maigidanki, don ba a yin wannan sai da yardarsa, kuma likita zai nisanta ku na wani lokaci. 'Ya'yanki ma za su ga ciki, su tambayi ina ƙaninsu.

Na san hawayen yayarki ne ke karya miki zuciya, ni ma suna karya tawa. Amma idan kika ce ba za ki iya ba, ba ki yanke zumunci ba, kuma ni zan faɗa mata haka da bakina. Akwai marayun da ke neman mai riƙo, ina so in yi mata wannan maganar idan hankalinta ya kwanta. Kada ki ba ta amsa a wannan satin. Ki ga malamin, ki ga likita ke kaɗai ba tare da su ba, sannan ki kira ni mu sa ranar da za mu zauna mu uku.