Maganin sankarar jini da ciwon hantar da ke kwance: amsoshin likita

Tambaya: Likita, an gano maigidana yana da sankarar jini irin wadda ake kira CML, za a ɗora shi kan imatinib. Amma sun ce sai an yi masa gwajin ciwon hanta tukuna. Me ya haɗa su?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Malama. Likitocinsa sun yi daidai. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B takan lafe cikin hanta shekara da shekaru, garkuwar jiki ta danne ta, mai ita bai ma sani ba. Idan aka fara magunguna irin su imatinib, dasatinib ko nilotinib, takan farka ta hayayyafa. An samu waɗanda hantarsu ta daina aiki, wasu har suka rasu. Shi ya sa a 2016 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce a gwada kowa kafin a fara. A Najeriya abin ya fi zama dole, domin binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita.

Tambaya: Gwajina na HBsAg, wato gwajin ciwon hanta nau'in B, bai nuna komai ba, kuma za a yi mini ƙarin ruwan maganin sankara mai suna rituximab. Na tsira ke nan?

Amsa: Da sauranka, ɗan'uwa, kuma nan ne na fi jin tsoro. Gwajin nan yakan fito fes alhali ƙwayar tana ɓoye. Ka roƙi a ƙara maka na anti-HBc, shi ke nuna ko ta taɓa shiga jikinka. Rituximab yana share ƙwayoyin jinin da ke ƙera garkuwa, har hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mafi tsanani a 2013. In gwajin ya nuna, za a ba ka entecavir ko tenofovir, ƙwaya ɗaya kullum, ka ci gaba aƙalla wata 12 bayan ƙarin ruwa na ƙarshe. Don Allah kada ka yanke da kanka don ka ji sauƙi, sau da yawa bayan an gama maganin sankarar take tasowa.

Tambaya: Mahaifiyata tana kan maganin sankarar jini, idonta ya yi ɗorawa, fitsarinta kamar shayi. An ce shawara ce, a ba ta jiƙo.

Amsa: Ku ajiye jiƙon, ku kai Mama asibiti yau, da kwalayen magungunanta duka. A auna ALT, gwajin da ke nuna ko hanta ta taɓu, da HBV DNA, wanda ke nuna yawan ƙwayar a jini.